Tsiren Mama Koriya

Ni mahauci ne ɗan mahauci, kuma ban taɓa jin nauyin faɗa ba. Sunana Sabi'u. A Funtuwa na tashi, a gindin tukubar babana da ke bakin tasha, tun ina jera nama a tsinke da hannu biyu har na kai in kalli cinyar sa daga nesa in gaya maka ko dusa ya ci ko a bola ya yi kiwo. Da sunana ya fito a cacar bizar Amurka, abu ɗaya na ƙulla a raina: in kafa tukuba tawa ta kaina a ƙasar nan, da sunana a jikin allo, in koya wa mutanen nan yadda ake gasa nama. Abin da ya kawo ni Greensboro ke nan, ba kallon dogayen gine-gine ba, don garin ma ba shi da wasu na kirki.

Zangona na farko gidan Alhaji Tanimu ne a Summerfield, can arewa da gari, inda gida ke nesa da gida har idan ka yi sallama sai dai itatuwa su amsa. Alhaji ɗan garinmu ne ta wajen uwa, sana'arsa tura tsofaffin motoci Kwatano. Maƙwabcinsa wani Bature ne mai dawakai uku, ba sa noma, ba sa jan amalanke, sai ci da kwanciya, lokacin sanyi ma bargo ake lulluɓa musu. Ni kuwa ɗakin da aka ba ni a ƙarƙashin ƙasa yake, kusa da injin wanki.

Tun ranar da na sauka Alhaji ya fara yi mini romon baka. Wai ya riga ya ga shago, wai ni da shi za mu buɗe gidan tsiren da za a riƙa zuwa daga wasu jihohi, ni dai in huta tukuna in san gari. Hutun shi ne duk Asabar akwai suna ko walima ko taron 'yan gida a bayan gidansa, likitoci da injiniyoyi da matansu, ni kuma ina tsaye gaban wani akwatin ƙarfe mai gas, wai shi ne murhu. Wuta ce shuɗiya marar hayaƙi, ka murɗa ta taso, ka murɗa ta mutu. Duk da haka na fitar da tsiren da ya sa wani likitan zuciya ya zauna a kan ciyawa da babbar riga yana lasar yatsa. Sai ka ji suna cewa, Alhaji tsirenka ya yi. Shi kuma ya gyara hula ya ce ai yaron nan nasa yana ƙoƙari. Shekarata talatin da takwas a lokacin, da mata da 'ya'ya uku a gida.

Wata rana Hajiyarsa ta ja kujera ta zauna kusa da ni ina daka yaji, tana ta hira, tana tambaya. Citta nawa, masoro nawa, kimba fa, ƙuli-ƙulin wane iri, a soya kanumfari ko a bar shi ɗanye. Waya na hannunta tana dannawa. Na gane abin da ake yi sarai, amma ya zan yi? Tuwon gidanta nake ci. Na faɗa mata duka, har da abin da babana bai gaya mini ba sai da na yi aure. Bayan wata uku na shiga wani shagon kayan abincin Afirka a Gate City Boulevard neman daddawa, sai ga kwalabe jere a kanta, yajina ne a ciki, a jiki kuma hoton Alhaji da hula zanna yana murmushi. Da na yi masa maganar shago a makon, ya ce in yi haƙuri, Amurka ba a gaggawa.

A gaban kwalaben nan na haɗu da Bulus. Ya ga ina tsaye ina magana ni kaɗai da Hausa, ya matso ya ce, Malam lafiya dai? Mutumin Zonkwa ne, Kirista, gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki yake yi. Na ba shi labari a tsaye, ban ma san me ya sa ba. Ya ce yana da ɗaki a gidan hayarsa wanda ba kowa, in ina so. Ranar da na kwaso kayana na tarar ya ware mini ɓangare guda a firji, ya sayo sabuwar tukunya ya ce tawa ce, kuma daga ranar naman alade bai sake shiga gidan ba, ba tare da na roƙa ba. Abin da ɗan garinmu mai zuwa Umara duk shekara bai yi mini ba, Bulus ya yi.

Shi ya samo mini aiki a wani katafaren sito, ɗaga kwali daga nan ka ajiye can, kwalin da ba ka san me ke ciki ba kuma ba wanda ya damu ka sani. Abokan aikina in an tashi cin abinci ba su da hira sai ta gashin jiharsu, wai duk Amurka ba kamarsa. Na leƙa kwanon ɗaya daga cikinsu na gani. Alade ne aka dafa har ya saduda, aka yayyaga shi kamar tsumma, aka kwarara masa ruwan tsami, aka cusa a burodi. Wannan ake wa kirari. Naman shagunansu kuwa yana kwance cikin leda a kan farar roba, ba kai ba ƙafa ba fata, ba wanda zai iya ce maka ga dabbar da aka yanka ko ga wanda ya yanka ta. Wani ya taɓa miƙo mini burodi da yankan alade a ciki, na ce ni Musulmi ne, sai ya sa yatsa ya zare naman ya sake miƙo mini, yana jin ya yi mini babban alheri.

Kewar gida ba a abinci ta fi kama ni ba, a hannuna ta kama ni. Wata shida ina sa safar hannu, sai na ga kantar da wuƙa ta yi mini ta tafi, tabon ƙuna ya dushe, tafin hannuna ya yi laushi kamar na ma'aikacin banki. Duk ranar Lahadi in na kira Inna ta bidiyo, ba ta tambayar sanyi ko aiki, sai ta ce, Sabi'u ka kunna wuta kuwa? In ce an kusa, Inna. Ranar da ta ce in ɗaga mata hannuna ta gani, na ce hoton ba ya fita sosai, na kashe bidiyon. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba.

Daga nan na yi ta maza. Bulus ya yanka mini rabin duro, na sayi gawayi, na samo naman halal a wurin wasu Larabawa, na fara gashi ranar Juma'a bayan an sauko, a gefen filin ajiye motocin masallaci. Mako uku na yi ina jin ni mutum ne. Hayaƙi na tashi, mutane na layi, yaran da ba sa jin Hausa suna jan rigar iyayensu suna nuna ni. A na huɗu sai ga wata mata da kati a wuya, jami'ar lafiya, da fara'arta kamar ta zo biki. Ta zaro wani ƙarfe mai kama da allura ta caka a naman da na gasa ta duba lamba, wai ƙarfen ne zai gaya mata ko ya nuna. Ni da nake gane nama ya yi daga ƙarar kitsensa a kan garwashi. Ta ce naman lafiya lau, amma in kashe wuta. In ina so in sayar, sai na sami amalanke mai lasisi, kuma kafin a ba ni lasisin sai na kawo fom da sa hannun mai wani kicin da hukuma ta yarda da shi, inda zan riƙa yanka nama da wanke kaya. Wanda ya kai ƙarata ban gan shi ba, amma na san wanda cinikin kwalabensa ya ragu a makonnin nan.

To, sai neman kicin. Na bi mutanenmu masu gidan abinci ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan Gana ya ce sai ya yi shawara da matarsa, matar ta ce sai ta yi shawara da shi. Wani ɗan Nijar ya ba ni shayi har kofi uku, ya yaba mini, ya ce in sha Allahu zai kira. Wata Anti daga Jos ta karɓi fom ɗin ta ce in dawo Talata, na dawo Talata huɗu. Ba wanda ya ce mini a'a, ko mutum ɗaya. Sai dai ka ga an daina ɗaukar wayarka.

Ana nan Bulus ya dawo daga aiki wata rana ya ce ya samo mini hanya, amma kada in yi masa halin nawa. Akwai wata tsohuwa 'yar Koriya da yake gyara wa firji, tana da ɗan gidan abinci a kan Gate City Boulevard ɗin nan, tsakanin wani mai sayar da taya da shagon gyaran farce. 'Yan Afirkan da ke unguwar Mama Koriya suke ce mata. Mijinta ya rasu, ɗanta ya koma wata jiha, gwiwa kuma ta fara ba ta wahala. Sai sha biyun rana take buɗewa, kicin ɗin duk safiya a rufe yake. Tana neman wanda za ta ba makulli ya buɗe da sassafe, ya karɓi kayan da motoci ke kawowa, ya duba firji, shi kuma ya yi aikin namansa kafin ta zo, ta sa masa hannu a fom. Sharaɗinta ɗaya, ba ta hulɗa da mutumin da bai zauna ya ci abincinta ba.

Na tambaye shi me take sayarwa. Ya yi dariya ya ce abokiyar sana'ata ce, ita ma tsire take yi. Ya ce ya gaya mata ni Musulmi ne. Na ce ai wanda ya zare mini alade da yatsa ma an gaya masa.

Ranar Litinin, ranar hutuna, da ƙarfe uku muka je, lokacin da ba kastoma. Na sa farar shaddata mai aiki a wuya, na kafa hula, na ninke fom ɗin na riƙe a hannu. A hanya Bulus yana ta koya mini ladabinsu: in ta miƙo abu in karɓa da hannu biyu, in ɗan rusuna, kada in fara ci kafin ta ce. Na ce masa ni za a koya wa girmama tsoho? Wurin tebur shida ne, tsaf-tsaf, ba zan yi mata ƙarya ba, ko ƙuda ɗaya babu. Ita kuma 'yar guntuwa ce, gashi fari an yanke shi gajere, da rigar girki mai babban aljihu a gaba. Ta dube ni tun daga hula har takalmi, sannan ta kama hannuna ta juya tafin ta duba, ta yi wata 'yar ƙara a maƙogwaro. Turancinta a karye yake, nawa ma haka, don haka mun fahimci juna fiye da yadda nake fahimtar 'yan ƙasar.

Ta fara kawo wani kwano mai jar miya, ta ce sunansa tokboki. Na leƙa. Tuwon shinkafa ne aka mulmula dogo-dogo kamar alli, yana iyo a miya da yankan kifi da dafaffen ƙwai. Na sa ɗaya a baki, sai na ji ina tauna abin da ba ya son a tauna shi, danƙo ne kawai, ka cije ya dawo. Miyar kuma zaƙi. Jama'a, sukari a cikin barkono! Na ce a raina wannan ai abincin yaye ne, da Inna za ta ga an yi wa shinkafa haka da ta ce a kai mai girkin asibiti. Na ce wa Bulus da Hausa, wannan ne yajin da ake tsorata mutane da shi? Ya ce in dai ci a hankali.

A loma ta shida abin ya biyo ni ta baya. Yajinmu a harshe yake tare ka, ku yi ta gaba da gaba. Wannan munafuki ne, sai ya bari ka saki jiki da zaƙin sannan ya kama ka a maƙoshi ya hau ka. Hancina ya fara zuba, gumi ya jiƙa bakin hulata. Na yi ta zarar takardar goge baki ina share fuska ina cewa zafin gari ne, har na bar guda ɗaya tak a cikin mazubin. Mama tana tsaye tana kallo, ta ji daɗi ƙwarai.

Sannan ta kawo tsiren nata. Tsinke biyu a farin faranti ta ajiye gabana, biyu a baƙin faranti ta ajiye gaban Bulus. Abin da aka jera a tsinken shi ne wannan tuwon danƙo ɗaya, sosej ɗaya, tuwo ɗaya, sosej ɗaya, an soya a mai, an shafe da jar miya mai kauri tana ƙyalli. Wannan wai tsire. Ba garwashi, ba hayaƙi, ba ƙuli. Duk wanda ya fara kiran sosej tsiran alade da Hausa ya ci mutuncin sana'armu, kuma ban yafe masa ba. Ni mahauci ne, na san dalilin da ke sa a niƙa nama a ɗura shi a hanji: don kada a ga abin da aka niƙa. Na lura nawa ya fi na Bulus duhu, nasa ja-ja ne, amma na ce alade ma ai iri-iri ne.

Ta nuna farantina ta ce, "Wannan naka ne. Ba matsala. Ci."

Ba matsala. Kalmar da kowa ke faɗa a ƙasar nan ke nan kafin ya ba ka matsala. Kafin in san abin yi, sai ta ce wa Bulus ya zo ya saurari wata ƙara da firjin baya yake yi, suka shige kicin su biyu, suka bar ni da faranti.

Na san mai karatu zai ce me ya hana ka tambaya. A gidanmu ba a yi. Tsohuwa sa'ar uwarka ta tsaya ta girka abu da hannunta ta ajiye maka, ka ɗaga kai ka ce mata mene ne a ciki? Ai ka ce mata ƙazama ke nan, ko mai ha'inci. Kuma ba a mayar da kwano yadda aka kawo shi. In ba za ka iya ci ba, sai ka san dabarar da za ka yi abincin ya ragu, ka yi godiya, kowa ya tashi da mutuncinsa. Haka na ga ana yi tun ina yaro, haka na yi. Na zari takardar nan ɗaya da ta rage, na zage tsinken biyu a kanta, tuwo da sosej duka, na dunƙule na tura a aljihun gefe na shaddata. Na goge yatsuna a ƙasan tebur, na jera tsinkayen a faranti, na gyara zama.

Da suka fito ta ga faranti wayam, fuskarta ta washe. Ta tambaye ni yaya. Na ce ban taɓa cin irinsa ba, Allah ya saka da alheri, hannunta akwai albarka. Ta ce a'a, ba wannan take tambaya ba, ni mutumin nama ne, sosej ɗin take so in gaya mata gaskiya, don yau ta fara sayen irinsa kuma ita ba ta ɗanɗana ba. Nan ma ban farga ba. Na ce ai sosej ɗin ne ma ya fi komai daɗi, wanda ya yi shi ya san aikinsa. Har da ɗaga babban yatsa, irin na 'yan ƙasar.

Ta zauna, muka yi maganar aiki. Ƙarfe biyar na safe zan buɗe, sha ɗaya in gama in wanke komai. Ga ɓangaren firjin da zai zama nawa, ga ranar da mai kawo shinkafa ke zuwa, ga inda littafin jami'an lafiya yake. Ta ce kicin ɗin nan shekara da shekaru ba a taɓa rage masa maki ba, shi ne abin da mijinta ya bar mata. Ina ta cewa to, to, ina ganin allon da sunana a jiki. Ta karɓi fom ta shimfiɗa a tebur, ta ajiye biro a kai. Sannan ta sa hannu a aljihun rigar girkinta ta fito da makulli ɗaure da jan zare, ta miƙe ta miƙo mini.

Na tashi, na miƙa hannu biyu, na rusuna yadda Bulus ya koya mini. Garin rusunawar cinyata ta danne bakin tebur. Na ji wani abu ya fashe a aljihu, ɗumi ya bi ƙafata.

Ita ta fara gani. Ta yi ƙara da yarensu, ta saki makullin a tebur, ta fizgo tawul ta zagayo da gudu da gwiwar nan tata mai ciwo. Ja ne ya shimfiɗu a farar shadda tun daga ƙugu, faɗinsa ya kai tafin hannu, yana ƙara yaɗuwa. Ta ɗauka jini ne, ta ɗauka wuƙa na zo da ita a aljihu ta yanke ni. Tana danna tawul a wurin tana ce wa Bulus ya kira motar asibiti. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na ce Mama ba jini ba ne. Ba ta ji ba, sai da na sa hannu na zaro dunƙulen, takardar ta narke, tuwo da sosej suka zube a kan tebur kusa da fom ɗina.

Ta dubi abin, ta dube ni. Sai ta juya ta shiga kicin. Bulus ya dafe kai ya ce a hankali, "Haba Malam Sabi'u."

Ta dawo da abu biyu ta ajiye a gabana. Ledar sosej ce da aka buɗe, da rubutun Larabci da tambarin halal a jiki, daga shagon Larabawan da ni kaina nake sayen nama. Ɗayan kuma sabon kasko ne, takardar shago ma ba ta gama fita daga gindinsa ba. Ta ce da safe ta hau mota ta je ta sayo su, a cikinsa ta soya nawa, da sabon mai, shi ya sa farantina daban.

"Me ya sa ba ka tambaya ba?" in ji ta.

Na ce a wurinmu rashin kunya ne ka tambayi babba abin da ya ba ka. Bulus ya karɓe, ya yi mata bayani da Turancinsa mai kyau, ya ce al'ada ce, girmamawa ce, ko shi da za a kai shi gidan surukai haka zai yi. Ya ce ya zauna da ni wata da watanni bai taɓa ganin na ɗauki ko cokalin da ba nawa ba. Ta saurare shi har ya gama, tana gyaɗa kai. Ta ce ta yarda ni ba ɓarawo ba ne, kuma rashin cin bai dame ta ba, su ma suna da abin da ba sa ci. Sai ta juyo gare ni.

"Na tambaye ka sau biyu, ka ce da daɗi. In na ba ka makulli, wata safiya ka zo ka tarar firji ya mutu, kaya sun lalace, kai kuma kana jin kunyata. Za ka gaya mini, ko a aljihu za ka sa?"

Ta ɗauki makullin ta mayar aljihun rigarta, ta ninke fom ɗin ta miƙo mini da hannu biyu. A bakin ƙofa ta ce wa Bulus a jiƙa rigar a ruwan sanyi da sabulun wanke kwano, kada a sa ruwan zafi, zai kama.

A mota na fara zage-zage. Na ce tsohuwar banza mai tuwon roba, wa ma yake son kicin ɗinta, mutanen da ke zuba sukari a barkono me suka sani. Muka wuce fitilun kan hanya uku ina ta yi. Sannan Bulus ya ce in na gama, in tuna ita kaɗai ce a garin nan ta fito da makulli.

Kwana tara na yi ina jan jiki kafin na koma, ni kaɗai, da safe, don in same ta kafin kastomomi. Ƙofar baya a buɗe take. Wata mata 'yar Meziko na tarar a ciki tana murza ƙullu, makullin nan mai jan zare na rataye a wuyanta. Ta ce Mama sai sha ɗaya da rabi. Na zauna a kan matakala na jira.

Da ta zo ba ta nuna mamaki ba. Na ba ta haƙuri da duk Turancin da na mallaka, ta ce ya wuce, ta nuna mini tebur. Ta shiga ta ɗauko kaskon nan, na ji ƙarar mai, ta fito da tsinke biyu a farin faranti. Wannan karon ba ta tafi ko'ina ba, ta tsaya a kaina ta harɗe hannu. Na yi bisimilla na ci, hannuna biyu a saman tebur inda za ta gan su. Naman sa ne, tun a cizon farko na gane.

Da na gama ta ce, yaya?

Na ce, "Mama, gishirin sosej ɗin ya yi yawa, wanda ya niƙa shi ya cika masa tafarnuwa don ya ɓoye rashin kitse. Miyarki sukari ya kashe ta. Kuma abin da aka soka a tsinke gasa shi ake yi a garwashi, ba a soyawa."

Na ɗauka zagi zai biyo baya. Sai ta gyaɗa kai, ta ce sosej ɗin ita ma daga baya ta ɗanɗana, haka ne, gishiri ya yi yawa. Ta ɗauki farantin.

"Da ranar nan ka faɗi haka," ta ce, "da kai ne a ciki yanzu."

Ta shige kicin wurin 'yar Mezikon. Na zauna kaɗan ina kallon tsinkayen da ta manta a tebur, sannan na tashi, don ƙarfe biyu nake shiga sito.